Jibin Ƙauna a Dubai

Tun da na dawo daga Dubai ban samu na yi aikin kafinta cikin natsuwa ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Bulus, yaya can ɗin take?" Na maimaita labarin har na fara jin yana canza kama a bakina, yau gini ya fi na jiya tsawo, gobe jirgi ya fi girgiza. Malamarmu ta ajin manya, inda nake koyon karatu da rubutu, ta ce in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya tambaya a miƙa masa. To ga shi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yata ta biyu, Rifkatu, tana aiki a wani otal a can, ɓangaren wanki da guga. Wata rana ta bugo waya ta ce ta samu wanda take so ta aura. Sunansa Danilo, mutumin ƙasar Filifin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Uwarta ta miƙo mini wayar ta fita tsakar gida ta hau shara, alhali an riga an share. Sai Rifkatu ta ƙara da cewa, "Baba, ɗan cocinmu ne." Wannan maganar ce ta fi ɗaure mana kai.

Mu ƙaramin reshe ne na Metodis, ba babbar cocin da ake gani a birane ba. A ƙasar nan ba mu wuce 'yan ƙauyuka a gindin duwatsu ba. Yadda dattawa suka ba mu labari, asalin abin daga ƙasar Turawa ne. Babbar coci ta fara sayar da wurin zama, mai kuɗi a gaba, talaka a tsaye bakin ƙofa. Waɗansu manoma da masu haƙar kwal suka ce ba su yarda ba, suka fita suka kafa tasu, inda benci na kowa ne, kuma kowane mutum yana cikin aji, wato ƙaramin rukuni da ke haɗuwa kowane mako a tambayi juna halin zuciya. Talakawa ne, amma suka haɗa abin da suke da shi suka aiko mutum biyu, mata da miji. Kafin su iso manyan mishan sun riga sun raba garuruwa, sai aka nuna musu duwatsunmu. Mijin bai daɗe ba zazzaɓi ya kashe shi. Matar ta ƙi komawa. Ta wanke gyambo, ta koya wa mutane baƙaƙe, kakanninmu suka sa mata suna Uwar Aji, kuma da ta tsufa ta mutu aka binne ta kusa da mijinta a bayan coci. Iyakar saninmu ke nan: mu, da kaburbura biyu, da waɗansu Turawa can nesa da muka daina jin ɗuriyarsu tun ina yaro.

Da na kai maganar wurin dattawan coci, ɗaya ya ce, "Yarinya ta ga ana waƙa ta ɗauka namu ne." Amma akwai ƙa'ida tun zamanin Uwar Aji: ba a ɗaura aure sai uban yarinya ya je da ƙafarsa ya zauna a ajin mai nemanta, ya ga mutanensa, ya dawo ya ce ya yarda ko bai yarda ba. A da wannan tafiyar keke ce zuwa ƙauye na gaba. Ni tawa ta faɗa Dubai. Rifkatu kuwa ta ce ba za ta aure shi ba sai na yarda, amma kada in sa ran za ta kawo wani. Na san halinta, idan ta faɗi magana a hankali haka, ta gama.

Wanda ya ɗauke ni shi ne Alhaji Sani, Bakano, wanda ya daɗe yana sayen wake da riɗi a kasuwarmu, kuma a rumfata yake ajiye buhunansa. Babbar sana'arsa ita ce kawo takalma da jakunkuna daga Dubai. Da na gaya masa, ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Fasto za a hau sama!" Ni ba fasto ba ne, amma haka yake kirana tun da can.

Daga ƙauye na hau mota zuwa Gombe, daga nan na shiga ta Kano. Uwar Rifkatu ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da kuka da yaji da daddawa, ta naɗe daddawar a leda har hawa uku. Bai hana ba. Matar da ke kusa da ni a mota ta yi ta buɗe taga, kuma a filin jirgi na Kano ma'aikacin da ya buɗe jakar ya ja da baya, ya ce, "Baba, wannan miyar ta isa ta ciyar da Larabawa duka." Ya rufe ya ce in wuce.

A jirgi ban sha ko ruwa ba, domin na ga yadda mutane suke kokawa da ƙofar banɗaki, na ce ba da ni ba. Mun sauka a Adis Ababa muka canza jirgi. Sanyi na ji a can, da mutane iri-iri kwance a kan kujeru da kayansu a ƙarƙashin kai, kamar tashar mota ta kowane gari.

A Dubai ne na fara yin kuskure. Wurin shiga ƙasa akwai ma'aikaci cikin farar jallabiya, gabansa wata na'ura mai duba ido. Ya karɓi fasfo ya yi mini magana, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban hukuma. Ya sake magana, na ƙara sunkuyarwa. Sai na ji Alhaji daga bayan layi yana cewa, "Fasto, ɗago ka zare masa ido! Nan rashin kunya ake so!" Na ɗago na zare ido, na'urar ta yi ƙara, ma'aikacin ya buga hatimi ya ce, "Yalla," wato in wuce.

Rifkatu na jiranmu a waje. Ta durƙusa a kan tayil ɗin nan mai sheƙi ta gaishe ni, na ga ta rame kaɗan amma fuskarta a sake. Ban gama amsawa ba sai wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa ya taho da sauri, ya kama hannuna na dama, ya sunkuya ya ɗora bayan hannun a goshinsa. Ya ɗago ya dube ni cikin ido yana murmushi, ya ce, "Tatay!" Rifkatu ta ce, "Baba ke nan da yarensu. Shi ne Danilo."

Ya fizge jakata ya saɓa. A mota ya zauna daf da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa, yana nuna mini gine-gine yana surutu da Turanci. Ya kai mu wani gidan abinci, ya zauna yana fuskantata, ya ɗebo nama da cokalinsa ya zuba a farantina, yana yi mini alama in ci.

Wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da na ji. Mai neman aure ba ya zama kusa da uban yarinya. Daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa, ya gaisa ya tashi. Cin abinci tare kuwa ba a ma zancensa. Ni da surukina, uban matata, mun tsufa tare a ƙauye ɗaya, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Ga shi yau wanda ko amsa ban ba shi ba yana ƙirga mini tsokar nama. Na ce na ƙoshi, alhali rabona da abinci tun Kano.

Rifkatu ta matso ta ce a hankali, "Baba, a wurinsu ladabi ke nan. Mai neman aure hidima yake yi wa iyayen yarinya, su gan shi kullum."

Na ce, "Na ji."

Masaukina ɗakin Alhaji ne a Naif, unguwar 'yan kasuwa. Gadaje ne masu hawa biyu, ƙasa cike da kwalayen takalma masu jiran kargo, mu da waɗansu Kanawa muna kwana muna tashi a tsakaninsu. Sun riƙe ni da kyau. Suka bar mini gadon ƙasa saboda gwiwa, kuma idan sun tashi salla sai ɗayansu ya ce, "Fasto, kai ma yi taka, a haɗa a aika gaba ɗaya." Akwai wata mata 'yar Kano a wani bene da ke yin tuwo da miyar taushe, ita ta cece ni. Shinkafar Indiyawa na ci sau ɗaya, bakina ya yi wuni yana zafi. Shayinsu mai kauri da ake sayarwa a ƙananan kofuna kuwa na saba da shi har ina nema.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Naif ba gini ba ne, rashin gaisuwa ne. Lungu cike da mutane, masu tura kura suna ihu a ba su hanya, kowa da waya a kunne, amma ba mai cewa sannu. Ranar farko na shiga lif na gaida mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, suka dube ni kamar zan roƙe su wani abu. Wani mai gadi ne kaɗai ya amsa, ɗan Zango daga Gana, da wata irin Hausa mai daɗi da ta sa na tsaya muka yi ta hira.

Danilo bai bar ni na huta ba. Kullum ya tashi aiki sai ya zo. Ya kwance na'urar sanyaya ɗakinmu ya wanke ba wanda ya sa shi. Ya ɗauki takalmina ya goge. Ya kawo wata miyar kifi mai tsami a kula, ya zauna a bakin gadona yana jira ya ga na sha. Ni kuwa in na ji motsinsa a matakala sai in rasa inda zan sa kaina. Kanawan ɗakin suka samu abin dariya. "Fasto, ga ɗanka nan ya zo duba ka."

Alhaji ya gaji da ganina haka. Wata rana da yamma ya ja Danilo waje, ya zaunar da shi a shagon shayi. Ban je ba, amma ya dawo ya ba ni labari yana alfahari. "Na karanta masa komai da Turancin kasuwa. Na ce ba kallo, ba taɓawa, ba ci. Ka hango shi, ka tsuguna. In da hanya, ka canza hanya. Na ce in kana son yarinyar nan, ka zama kamar ba ka nan. Khalas, shi ke nan."

"Ya gane?"

"Har rubutawa ya so ya yi."

Ya kuwa gane fiye da yadda aka koya masa. Daga ranar ban sake ganinsa a Naif ba. Ranar hutun Rifkatu ta kai ni Port Saeed in ga jiragen ruwa na katako da ake loda wa kaya, firji da tayoyi da buhuna jibge a bakin ruwa ba mai gadi. Ofisoshin da Danilo yake yi wa gyara suna nan kusa. Muna tafiya sai na hango shi ya fito da jakar kayan aiki. Yana ganinmu ya cire takalmi a kan simintin da rana ta gasa, ya tsuguna bayan wani kwalin firji, kansa kaɗai ake gani. Masu lodi suka tsaya suna kallonsa. Bai tashi ba sai da muka yi nisa.

A gaskiya na ji sanyi a raina, na ce yanzu ya zama mutum. Rifkatu ba ta yi dariya ba.

Daga nan ta kai ni inda take zaune a Al Nahda. Filat ne guda da mata da yawa suka raba da labule, kowa da gadonta da akwatinta. Ta dafa mini dambu a ƙaramin risho, ta zauna a ƙasa tana kallon hannuwanta, duk guga ta ƙona su.

"Baba, Danilo ba ya cin abinci. Ya ɗauka kai ka aiko Alhaji ya kore shi."

"Ba wanda ya kore shi. Kunya aka koya masa."

"A wurinsu, wanda aka ce kada ya zo kusa, an ƙi shi ke nan. Yana yi ne don an ce haka kake so." Sannan ta ce, "Bara da na kwanta ciwo ban gaya muku ba. 'Yan aji ne suka yi ta karɓa-karɓa a kaina. Shi ba ya shigowa, gidan mata ne, sai ya ajiye abinci a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya tafi."

Na ce, "Bari in ga ajin tukuna."

Ran Lahadi muka hau jirgin ƙasa, sannan bas, zuwa wani fili da hukuma ta ware wa coci-coci. Ɗakuna ne birjik, ana hayarsu awa-awa, waɗannan su fita waɗancan su shiga, kowane ɗaki da yarensa. Namu ƙarami ne, kujerun roba, mutanen ba su fi cikin motar haya biyu ba. Danilo na can ƙurya, fuskarsa a bango. Na ga wani yana kaɗa jita, na ga mata da wando, ga Turanci da ba na bi. A gida ko ganga ba ma kaɗawa. Na ce a raina dattijon nan na gida ya yi gaskiya, yarinya ta ga ana waƙa ne.

Sai shugaban ajin, wani tsoho Ba'indiye mai suna Tomas, direban motar 'yan makaranta, ya ce a yi addu'a. Kafin in motsa, ɗakin gaba ɗaya ya juya. Kowa ya ba gaba baya, ya durƙusa, ya kifa fuskarsa a kan kujerar da ya tashi daga kai. Haka muke yi a gida. Sauran coci-cocin yankinmu har tsokanarmu suke yi, wai mu ne masu juya wa fasto ƙeya, kuma ban taɓa ganin wani ya yi haka ba sai mu. Na juya na durƙusa. Kujerar tana warin roba, ba warin katakon maɗaci ba, amma ban iya ɗagowa da wuri ba. Da suka ɗauki waƙar rufewa kuma, muryar tamu ce, na bi su da Hausa ba wanda ya waiwayo.

Bayan an tashi Tomas ya zaunar da ni a inuwa, Rifkatu tana fassara. Ya ce kakansa mai tsinkar ganyen shayi ne a kan tuddai, kuma mishan ɗinmu ya je can ne domin manyan mishan sun riga sun kama birane. Ya nuna wata mata doguwa mai suna Odeta, daga Burundi, ya ce su ma tuddai aka ba su. Mutanen Danilo kuwa a wani tsibiri suke da jirgin ruwa ba ya zuwa sai an ga dama. Ko'ina labarin ɗaya ne, mutum biyu ko uku, ba kuɗi, an ba su wurin da ba wanda yake so. Na ba shi labarin Uwar Aji da kaburbura biyu, ya cire tabarau ya goge.

Na tambaye shi wane mishan ne ya kawo cocin Dubai. Ya yi dariya ya ce biza ce ta kawo ta. Shi da ya zo, a cocin wasu yake zama a baya. Ran nan aka ce a yi addu'a, ya juya ya durƙusa, sai ya yi ido biyu da wani Bafilifine da shi ma ya juya, su biyu rak a cikin taro. Daga su biyun aka fara. Ya ce cocin asali ta ƙasar Turawa tana nan, amma tsofaffi ne 'yan kaɗan, kuma faston da ke kula da su yanzu daga tsibirin su Danilo aka aika musu shi.

Maganar coci ta ƙare a nan, tamu ce. Saura maganar mutum, ita kuwa ban yanke ba. Danilon da na sani guda biyu ne, mai zuba mini nama da mai ɓuya bayan firji, ban san wanne zan kai gida ba.

Lahadin ƙarshe kafin in taso ta dace da jibin ƙauna. Wannan ba Jibin Ubangiji ba ne, ba ya buƙatar fasto. Ana ba kowa gurasa a hannu, a gida waina muke yi, sai mutum ya tashi ya zaga, ya gutsura wa ɗan'uwansa, shi ma ya gutsura masa, kowa ya ci na hannun kowa. Ma'anarsa ba ni da kai a zuciya. Sai an gama ake zagayawa da kofin ruwa guda. A ƙauyenmu tun da can an samo wa surukai hanya: ka gutsura ka ba wani ya kai, shi ma ya aiko da nasa. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

Aka raba gurasar Larabawa, ɗaki ya kaure da motsi. Na gutsura wa Tomas, na gutsura wa mai jita, na gutsura wa Rifkatu. Danilo yana zagawa ta gefen bango, duk inda na nufa sai ya koma ɗaya gefen. Ashe ya tambayi Rifkatu yadda ake yi a wurinmu. Can na ga ya gutsura ya ba Odeta, ya nuna mata ni da haɓa. Ta taho da gutsuren a tafin hannu tana murmushin rashin fahimta. Na miƙa hannu zan karɓa.

Tomas ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit. Ya yi magana a hankali, Rifkatu ta fassara mini. Ya ce gurasar nan ba ta da ɗan aike. Ya ce tun makon jiya yake lura mutum biyu a ɗakin nan ba sa haɗa ido, kuma ba zai zagaya da ruwa ba sai sun shirya.

Rifkatu ta yi ta bayani cewa girmamawa ce, ba gaba ba. Tsohon ya saurara har ta gama, sannan ya nuna Danilo ya ce, "In girmamawa ce, me ya sa ya rame?" A bakin ƙofa kuwa waɗanda za su karɓi ɗakin bayanmu sun fara taruwa, Habashawa da fararen mayafai da ganguna, ɗayansu yana leƙowa yana nuna agogo.

Danilo yana tsaye jikin bango, kansa a ƙasa, sauran gurasar a hannu. In ya zo wurina ya karya abin da Alhaji ya ce ina so. In bai zo ba ya karya na cocinsa. Na dube shi da kyau, karon farko tun filin jirgi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin nan ya ajiye ladabin gidansu, ya ɗauki namu da bai gane ba, ya tsuguna a kan siminti mai zafi gaban masu lodi, duk don kada a hana shi Rifkatu. Na kuma san idan na ci gaba da tsayawa a inda nake, kowa a ɗakin zai ɗauka na ƙi shi, har da ita. In kuwa na taka na je, na ba da amsa ke nan, tun ban koma gida na yi shawara ba.

Na karɓi gutsuren daga hannun Odeta, na ratsa kujeru na isa gabansa. Ya fara ƙoƙarin tsugunawa, na riƙe kafaɗarsa.

"Rifkatu, ce masa ya ɗago."

Ya ɗago. Na mayar masa da gutsurensa a hannu, na buɗe tafina. Ya sa mini, na ci yana kallo. Na gutsura nawa na ba shi, ya ci, hawaye yana bin gurasar.

"Ce masa ni ba na ba da aure, ƙanena ne mai bayarwa. Ya nemo manyansa su yi magana da shi."

Ba ta iya fassarawa ba, ta rufe fuska da gyale. Tomas ne ya gane ba tare da an gaya masa ba, ya buga ƙirji yana nuna shi ne babban Danilo. Aka zagaya da ruwa a gurguje, muka fito Habashawa suna shiga da gangunansu.

Da na gaya wa Alhaji, ya riƙe baki. "Duk wahalar da na sha ina koya wa yaron nan kunya, Fasto, ka rushe ta da loma ɗaya!" Amma shi ne ya zaɓo wa Rifkatu jaka da takalmi daga cikin kayansa, ya ce gudummawarsa ce.

Dawowa ba ta da labari, sai dai wannan karon na sha ruwa a jirgi, kuma ƙofar banɗakin ta buɗu. Na fara biyawa wurin dattawa na gaya musu abin da na gani. Wanda ya ce yarinya ta ga ana waƙa ya yi ta tambayata sunayen ƙasashen, yana maimaitawa a hankali, sannan ya ce a je a share kaburburan nan biyu, ciyawa ta yi musu yawa.

A gida uwar Rifkatu ta bari na yi wanka na ci abinci, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da ta zo ɗaukar kwano ta tsaya.

"Malam, yaya ka gan shi?"

"Na ci daga hannunsa."

Ta ajiye kwanon. "A gaban mutane?"

"A gaban mutane. Shi ma ya ci daga nawa."

Sannan ta ɗauki kwanon ta nufi ƙofa, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "To sai ka fara neman katako. Ba zan kai 'yata ɗaki da gadon kanti ba, ubanta yana kafinta."